Gurbin da Inna Ba Ta Iya Cikewa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Haka al'ada take a ƙauyenmu na kusa da garin Hajj Abdalla a Sudan, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Tun ina rarrafe aka miƙa ni ɗakin kakata, kuma idan abinci ya nuna sai Inna ta dubi bango ta ce, "A hwaɗa ma wancan yaro ya taho shi ci." Bangon gidanmu ya sha saƙo. Na je Wad Madani na yi karatun kwamfuta, na dawo da gemu da takardar shaida, ban tashi daga wancan yaro ba.

Bayan rasuwar Baba, Inna ce ta riƙe hawasharmu, wato gonar da aka yanka mana a filayen ban-ruwa na Jazira. Tana can ƙarshen ƙaramar magudana, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha. A shekarar da nake ba da labari dawa ta shuka, kuma dawar nan ita ce kisrar gidan ta shekara guda, wato wainar da muke ci kullum.

A shekarar ne ni da wani abokin karatuna, ɗan Hartum, muka haɗa wa ƙungiyar manoman ƙauyenmu wata 'yar manhaja. Aikinta ta tsara wanda ruwa zai je wa yau da wanda zai je wa gobe, ta aika wa gafir, mai buɗe ƙofar ruwa, a wayarsa. Abokin nan zan kira shi Ustaz, domin shi ma haka yake kiran kansa. Manhaja ta fara aiki, kurakurai suka fara fitowa, mutane kuma suka fara tare ni. A bakin masallaci a tare ni, wurin mai shayi a tare ni, har wurin zaman makoki wani ya matso kusa da ni kamar zai yi mini ta'aziyya, ashe ranar ruwansa ce ta zo masa sau biyu. Da na kai wa Ustaz kuka sai ya gyara tabarau ya ce, "Ya zol, mutumina, wannan ai zaman duhu ne. Duk duniyar da ta waye tana da shafi a intanet inda ake shigar da kurakuran manhaja, a ba kowanne lamba, a bi shi har a gyara." Ni kuwa wa ya fi ni son wayewa? Na ce a kafa.

Kafawar ta ci mana rai. Muka yi hayar saba, wato kwamfutar da shafin zai zauna a kai, a wata ƙasa da ko sunan babban birninta ban sani ba, muka zauna a shagon Ustaz a Madani muna lallaɓa ta daga nesa. Muka sauke manhajar bin kurakuran, ta ce ba za ta zauna ba sai an sabunta abin da take tsayawa a kai. Muka sabunta, ta ce ya yi mata sabo da yawa. Muka haɗa ta da rumbun bayanai, wuta ta ɗauke ana tsakiya, muka koma farko. Da ta yarda ta buɗe, na rubuta gwaji da Larabci, sai ta maido mini da layin alamomin tambaya, kuma gaskiya a lokacin ni ma tambayar ce a raina. Aka gyara wannan, sai ga zancen imel. Manhajar ta dage sai kowane mai ƙorafi ya ba da imel, a ƙauyen da mai imel ɗaya ne, ni, kuma na manta kalmar sirrinsa. Da ƙyar muka mayar da ita kan lambar waya.

Sai muka zo kan guraben da mai ƙorafi zai cike. Akwai na bayani, akwai na girman matsala, akwai kuma wanda ke tambaya: wa za a ɗora wa? A ƙarƙashinsa sunaye biyu, nawa da na Ustaz. Na ce masa a bar wannan gurbin, wanda ya so ya cike, wanda bai so ba ya wuce. Na ce mutanenmu za su iya cin namanka a bayan ido har ƙashi, amma su rubuta sunanka a inda duk gari zai gani su ce kai ne mai laifi, wannan ba su saba ba. Ustaz ya yi dariyar da 'yan birni ke yi wa ɗan ƙauye. Ya ce kuskuren da ba shi da mai shi maraya ne, ba wanda zai gyara shi. Ya danna wani ɗan akwati, gurbin ya zama dole.

Ranar buɗewa shugaban ƙungiya ya tara manoma a gindin dalbejiya, ya yi jawabi mai tsawo a kan ci gaba, ya rufe da doka: daga yau ba ƙorafin baki. Gafir ba zai saurari kowa ba sai mai lamba daga shafin. Gafir ya fi kowa tafi, domin an sauke masa duniya daga ka.

Ƙorafe-ƙorafen da suka fara shigowa abin a adana ne. Kowanne da sallama yake farawa, sai gaisuwar iyali, sai ya gajiya, sai ya muka ji da zafi, matsalar tana can ƙasa kamar an tuna da ita ana sa takalmi. A gurbin girman matsala kowa ya zaɓi "ƙarama", ko da gonarsa na shirin kamawa da wuta. A gurbin suna kuwa, duk garin ya haɗu a kan Ustaz. Baƙo ne, ba surukin kowa ba ne, ba za a haɗu da shi a wurin suna ba. Wayarsa ta riƙa kuka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwa. Da abin ya ishe shi sai ya shiga saituna ya cire sunansa, ya ce ai ɓangaren rabon ruwa nawa ne. Gurbin dole ya rage da suna ɗaya tak.

Nan take ƙorafi ya ja baya, domin rabin garin dangina ne, sauran rabin kuma suna neman aure a danginmu. Ustaz ya nuna mini shafin fes, ya ce, "Shuf! Ka ga amfanin tsari?" Muka sayi lemo muka yi murna.

A daidai lokacin da muke shan lemon, manhajarmu ta daina ganin hawashar Inna. Magudanarsu ta fi sauran tsawo da gona guda, manhajar kuma tana ƙirga gonaki ta tsaya inda sauran ke tsayawa. Har yau ni da Ustaz muna musun wanda ya rubuta wannan layin a cikin manhajar. Ruwa ya riƙa zuwa har gonar maƙwabcinta, a toshe, a koma farko. Ta je wurin gafir, ya ce, "Hajiya, ina lamba?" Ta koma gida ta buɗe shafin da kanta, domin Inna ta iya karatun Larabci kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata waya. Ta cike komai har ta iso gurbin ƙarshe, ta ga sunan da ke ciki, ta kashe wayar.

Ta aiko gwaggona, ƙanwar Baba, da saƙo. Gwaggo kuwa mace ce mai tausasa magana har ta narke. Ta kira ni a waya ta ce Inna na gaishe ni, dawa ma na gaishe ni, in na samu sarari in leƙo. Na ce ina amsawa, a gaida dawa.

Sai wata Juma'a na hau mota na je gida. Aka ce Inna na hawasha, na bi bakin magudana a ƙafa. Gonaki kore shar a hagu da dama, har na fara jin kaina wani abu. Da na isa ƙarshe sai na tsaya. Ganyen dawarmu ya nannaɗe, ƙasa ta tsage har hannu na shiga. Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda. Inna na tsaye da Gwaggo, jakinmu na ɗaure a gefe. Da yake babu bango a gona, sai Inna ta dubi jakin.

"Wasu sunka tai Madani sunka yi karatu," in ji ta, "sunka ƙero abin da ba ya ba mutum ruwa sai ya kira sunan ɗa nai gaban jama'a. Tamam. Allah shi ƙara ilimi."

Jakin ya kaɗa kunne. Na ce wa Gwaggo, "Gwaggo, ke me ya hana ki danna mata?"

"Na ce ta kawo in danna," in ji Gwaggo. "Ta ce ko yatsan wa ya danna, da sunanta za shi hito, duk gari shi karanta cewa ita ta ambace ka, kuma da laihi. Ta ce gara dawar ta bushe."

Na dubi Inna, ta ƙara duban jaki. Na san ba wasa take yi ba. Matar nan za ta iya sayen dawa a kasuwar Hajj Abdalla shekara guda, tana murmushi, da dai ta taɓa sunan nan.

Na hau tudun bakin babbar magudana, inda kaɗai waya ke kama intanet, na tsaya da hannu a sama kamar mai roƙon ruwa. Na shiga saitunan shafin. Na so in cire dolen da ke kan gurbin, na tarar Ustaz ya kulle wannan da kalmar sirrinsa, saboda tsari. Na kira shi, wayarsa a kashe. Abin da kawai nake da iko a kai shi ne yadda sunana zai bayyana. Na goge shi, na rubuta: Wancan yaro.

Na sauko na ce wa Gwaggo ta ce wa Inna ta sake gwadawa. Gwaggo ta juya ta faɗa mata, ko da yake tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai tsawon tabarma ba. Inna ta kwance wayar daga bakin mayafinta, ta hau tudun a hankali, ta daɗe tana dannawa. Ban ga fuskarta ba, bayanta ta ba ni. Can sai wayata ta yi ƙara. Sabon ƙorafi, babu sallama, babu ya gajiya: "Ruwa bai zowa hawashar ƙarshe." Girman matsala kuwa, ƙarama. Ita ma ba ta tsira daga wannan ba.

Da lambar nan na je na tsaya a kan gafir har ya buɗe. Layin da ya jawo abin, gyaransa bai kai shan kofin shayi ba. Dawar da ke kusa da bakin ruwa ta farfaɗo, ta can ƙurya ba ta dawo ba, kara kawai aka yanka wa jaki, wanda dama ya yi aikinsa.

Da Ustaz ya ga sabon sunana a shafin ya ce wannan rashin ƙwarewa ne, in mayar da na gaskiya kafin wani ya gani. Ya kuma tuna mini cewa a tsari, ba a rufe ƙorafi sai mai shi ya tabbatar an gyara. Na ce to, mu jira.

Ina cikin raksha, keke mai ƙafa uku, a Madani, direba na ta faɗa da wani mai amalanke, wayata ta yi ƙara. Inna ta rufe ƙorafinta. A ƙasa ta rubuta, "Ruwa ya zo. Allah shi yi ma wancan yaro albarka."

Tun da aka haife ni, wannan ne saƙon Inna na farko da ya iso gare ni bai bi ta bango ko Gwaggo ko jaki ba. Daɗi ya kama ni har hawaye suka zubo, direba ya waiwayo ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Sunana na gaskiya kuwa ban taɓa mayar da shi shafin ba.