Sunayen da Iya ta ce in rubuta

Babu malami a duk ƙasar Gaya da ya yi wa kalmar Turancin nan ta "remember" hidimar da na yi mata. Shekara da shekaru ina gaban allo ina rarrabe ta da 'yan uwanta: wannan tunawa ce kurum, waccan sai an yi gumi an zaƙulo abu daga lungun ƙwaƙwalwa, ga kuma ta tsofaffi masu hirar jiya. Har nakan ce wa ɗalibai al'ummar da ba ta tunawa ta gama yawo. Suna rubutawa, ni kuma ina jin kaina.

Kakata Iya tana ƙauyen Gafasa. Iyayenta daga gabas suka taso. Duk Juma'a takan sa a soya waina a raba sadaka, ta zauna kan darduma ta jero sunayen magabatanmu ɗaya bayan ɗaya, tana roƙa musu gafara. Su goma sha uku ne. Ba wanda ya iya jerin sai ita. Mu dai amin muka iya, da cin waina.

"Angon ƙarya," takan ce in na je gaishe ta, "alƙalamin aljihun nan na ado ne? Zauna ka rubuta mutanen nan kafin in tafi da su."

"Haba Iya, ke da za ki binne mu duka? Bari a yi hutu, in zo da littafi mai kyau."

"Hutun naku ai ya fi aikin yawa."

An yi hutu, an koma, an sake yi. Littafin ma na saya, mai baƙin bango, sai na ga bai kamata a shiga ƙauye da shi da damina ba.

Ta rasu bayan girbin gero. Ranar sadakar bakwai, da liman ya shafa fatiha, kawuna ya juyo gare ni a gaban jama'a.

"Malam, bismilla, karanto mana su. Ai ta ce kada mu damu, ka rubuta tuni."

Ashe abin da take gaya wa duk wanda ya tambaya ke nan, don kada a ce jikanta ɗan boko ya yi watsi da maganarta. Na gyara murya irin ta aji. Na kawo huɗu, na yi tari, na ce sauran suna gida.

A hanyar tasha kawu ya gaya mini, a hankali, cewa na huɗun sunan gari ne.