Zambar, Abin da Kakata ta Bari

Shekarar da Baba ya rasu, ni na gaji gadin shinkafarmu a fadamar Zauro. Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, ƙannena duk sun bi aikin gwamnati can Sakkwato, suka bar ni da majajjawa da igiyar gwangwanaye. Tun asuba nake hawa rumfa, ba mai ce mini ci kanka sai tsuntsaye.

Da Baba muke wannan zama a da. In janbaki suka taso suka rufe rana, sai ya ce, "Ga su nan, zambar zambar!" Ni kuwa, da ɗan bokona mai kai ni ya baro, na taɓa gyara masa: "Baba, miliyan ake cewa yanzu." Ya dube ni ya ce, "Kai ka san miliyan. Zambar dubu ta, ga bakin Zabarmawa. Innata Bazabarma ta, ina ƙarami tar rasu. Kalmar nan kaɗai nir riƙe cikin maganarta." Dariya na yi, Allah Ya yafe mini. Ban ƙara tambayarsa komai ba.

A kan rumfar nan abin ya dawo yana cina. Na yi kewar Baba ƙwarai, har nakan faɗi kalmar da ƙarfi don in ji ta a kunnena. Sai kuma shakka ta kama ni: anya abin da Baba ya riƙe ba ruɗun maraya ba ne? In ba gaskiya ba ce, to ba abin da ya rage mana na matar nan.

Da aka yanke shinkafa na hau mota zuwa Argungu ranar kasuwa. Aka nuna mini wata tsohuwa Bazabarma mai sayar da busasshen kifi. Na durƙusa na gaishe ta, na tambaya.

"Zambar? Tamu ta mana, ɗana," in ji ta. "Wa ag gare ka cikinmu?"

"Kakata, Inna."

Fuskarta ta washe. Ta ture tiren kifi, ta matsa mini wuri a tabarma, ta kira wasu mata biyu da yarensu.

"To, ɗiyar wane gari ta? Mi as sunanta?"

Na buɗe baki, ban sani ba. Su uku suka zuba mini ido suna jira.