Jan Zaren Gwaggo Hadiza

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Hadiza, ƙanwar mahaifina, malamar firamaren da ta tara mata daga Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suka kafa ƙungiyar adana tarihin iyaye mata. Allah Ya jiƙanta.

A lokacin ba su da ofis. A tsakar gidanta suke zama, ƙarƙashin darbejiya. Asabar su kai wa marasa lafiya kunu asibiti, Lahadi su zauna tarihi. Ta kan ce wadda ba ta san kakarta ba, da wuya ta yi kishin ƙasarta. Duk mai son shiga sai ta kawo wani abu na kakarta, ta ba da labarinsa. Gwaggo ba ta yarda da takarda ba, wai gara na cinye ta. In zane ne, sai ta ɗinka sunan mai shi da jan zare a can cikin bakinsa, inda ido bai cika kaiwa ba.

Ina tuna ranar da Inna Tabawa, mai daddawa daga Gwiwa, ta kawo gwadon da kakarta ta kaɗa zarensa. Ta daɗe tana shafa shi kafin ta miƙa.

"Malama, ba ni da ɗa, ba ni da jika. In na tafi, wannan ne zai ce mun zo duniya."

Ni na riƙe bakin gwadon Gwaggo tana ɗinki.

Yanzu ƙungiya ta samu ofis, da fanka da darduma. Watan jiya na je, na tarar da gwadon kwance cikin akwatin gilashi. Katin da ke gabansa ya ce na kakar shugabar yanzu ne. Na tambayi sakatariya, ta ce ai gwadunan dā duk kamarsu ɗaya, ta shiga tambayata lafiyar mahaifiyata. Na nemi makulli, aka ce yana wurin Hajiya, wato shugabar, Hajiya kuma ta yi tafiya. Zuwana na uku, na tarar an sake ninke gwadon, an cusa bakin ƙasa.

Na bi sauran katunan a hankali. Ban ga mai daddawa ko mai ginin tukunya ko ɗaya ba. Duk 'ya'yan manyan gidaje ne. Ban ga hannun kowa ba, ba kuma zan rantse ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Da Gwaggo na nan, ba za ta ɗaga murya ba. Za ta gyara tabarau ne kawai, ta ce a juyo mata bakin.

Inna Tabawa ma ta rasu. Abin da ya rage na Gwaggo bai wuce wannan ɗinkin ba, da ni da na riƙe mata. Hajiya, da ladabi nake roƙo, a buɗe gilashin nan gaban matan ƙungiya. Ko an warware zaren, sawun allura yana nan, kuma na san inda zan duba.