Shekarar Keken Baba

A fasfo ɗina an rubuta ɗaya ga Janairu, kamar rabin mutanen layinmu. Ma'aikacin da ya cike min takarda ne ya dubi gemuna ya yanka min shekaru. Abin da na sani game da haihuwata shi ne abin da Baba ke faɗa: an haife ni shekarar da ya sayi keke, mahaifiyata kuma ta rasu kwana uku bayan suna. Ban taɓa ganin ko hotonta ba.

Keken ba irin na masu kai madara ba ne. Mai faɗin taya ne, irin wanda Turawa ke hawa duwatsu da shi, ga giyar canja gudu rututu. Baba bai taɓa hawa abin da ya fi gadar unguwarmu tsawo ba, amma ya fi kowa alfahari da giyar nan.

Bayan rasuwarsa na dawo Guangzhou, inda nake sayen kayan keke ina turawa Kano. Sai abin ya fara ci na a rai. Ina yi wa mahaifiyata addu'a, ban san ko shekara nawa ta yi a ƙasa ba. Dangin da za su sani duk sun riga Baba tafiya.

A wani lungu bayan kasuwar Tianxiu akwai wani tsoho ɗan China mai gyaran keke, wanda ke tara tsofaffin firam, wato gangar jikin keke, yana rataye su a bango. Mutum ne mai ƙarancin fara'a. Komai ka tambaya sai ya ce "meyo", wato babu. Na sa matata a Kano ta fito da keken daga ɗakin ajiya, ta kifa shi, ta ɗauko min hotuna. Na kai masa, muka sa waya tana yi mana tafinta.

Ranar na ga haƙoran tsohon. Ya ce samari ne a Amurka suka fara wannan harka, suna gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna har birki ya yi hayaƙi, kafin kamfanoni su shigo ciki. Ya nuna min a hoton birkin baya da ke maƙale can ƙasa kusa da feda, ya ce yayin ɗan lokaci ne aka yi a ƙarshen shekarun tamanin, aka daina saboda laka na cushe shi. Ya sa na kira matata ta kankare ƙasan firam da cokali har lambobi suka fito, ta turo hotonsu. Ya duba wani littafi da ya sha maiƙo, ya rubuta shekara a bayan kwalin sigari ya miƙo min.

Na karɓa. Na kira shi yadda ake kiran mai shago a nan, na ce, "Lawban, ka san me ka ba ni? Shekarar haihuwata ce."

Ya karanta fassarar, ya sake jawo hoton da yatsa biyu. Akwai wata 'yar takarda da ta koɗe a jikin firam, tambarin wani shago da rubutun Jamusanci.

Ya ce, "Sabo mahaifinka ya saya?"

Wa ke sayen sabon irin wannan a unguwarmu? Na hannu ne, irin da ake shigowa da su ta Kwatano. Wani Bature ya hau shi shekara biyu, ko biyar, ko goma, kafin ya iso hannun Baba. Na san haka tun ina yaro, son zuciya ne ya mantar da ni.

Tsohon bai ce meyo ba. Ya zuba min shayi a ɗan kofi, ya koma kan aikinsa.

Na zauna a bakin shagon ina jin haushin kaina, har hawaye ya zubo. Shekara tara ina kiran Baba daga garin nan kowace Juma'a, ban taɓa tambayarsa wace shekara ce ba. Tambayoyina ba sa wuce nawa ake sayar da tayoyi yanzu, kaya sun iso, kwastan sun saki? Yakan amsa duka, sannan ya ce, "Babu wani abu kuma?"

Ni kuma in ce babu.