Ranar da Kashe-Kunna Ya Ji Tsoron Makunni

A gidan rediyon nan ba mai kiransa da sunan yanka. Kashe-Kunna ake ce masa, don maganinsa ɗaya ne ga kowace na'ura mai gardama: a kashe ta a kunna. Tun yana gyaran rediyo a rumfar kawunsa haka yake, kuma abin haushin, yawanci sai maganin ya ci. Gajere ne mai fara'a, sukundireba ba ta barin aljihunsa, ofishinsa kuwa ɗakin can ƙurya ne, inda babbar kwamfuta ke huci kusa da wata tsohuwar fanka.

Cikin babbar nan duk muryoyin gidan suke, waƙoƙi da talla da sanarwa. Ƙaramar kwamfutar ɗakin watsa shirye-shirye ta waya take ɗebowa, kuma ba suna take bi ba, lambar da babbar ta ba kowane fayil take riƙewa.

Wata safiya gogan naku ya kashe babbar ya kunna kamar yadda ya saba. Mai gabatarwa ta kwantar da murya ta karanta rasuwar wani dattijo, ta danna kiɗan jimami, sai ga tallar maganin sauro ta cika gari. Manaja ya shigo kamar zai tashi sama.

"Wallahi aka sake, ka ajiye mini makulli ka kama gabanka!"

A gida uwar 'ya'yansa ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ta ga ya tura kwano gefe sai ta daina dariyar. Aikin nan yake so kamar ransa, bai kuma san wani ba.

Ya duƙufa bincike har ya gano bakin zaren. Ashe duk lokacin da babbar ta tashi, sabon rabon lamba take yi, wanda aka fara nema shi ne na ɗaya, ita kuwa ƙaramar tana nan riƙe da lambobin jiya.

"Kin gane?" ya ce da matarsa. "Kamar a ce kullum da safe in sake wa yaran nan suna."

"Ai da tuni na koma gidanmu," in ji ta.

Ya gyara tsarin yadda kowane fayil zai riƙe lambarsa ta asali da ke kan faifai, ko an kashe ko an kunna. Manaja ya ce shi ba ya sayen magana, a gwada a gabansa, ana tsakiyar shiri.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana danna makunni ba ko tunani, ranar sai ga shi ya kai yatsa ya janye har sau biyu. Ya yi bisimilla ya kashe, ya kunna. Ta cikin gilashi mai gabatarwa ta harare shi, ta ce wa masu sauraro ga waƙar amarya, ta danna.

Waƙar amarya ce ta fito. Manaja ya gyaɗa kai ya juya zai tafi.

"Ranka ya daɗe, in sake kashewa?"

"Kada ka kuskura!"

Kashe-Kunna ya zame ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na bin kumatunsa, ya laluba waya ya kira gida.

"Ki goge mini rigar gobe," ya ce. "Da sassafe zan fito aiki."