Igiyar da Nake Ƙirgawa

Ran Litinin, 10 ga Afrilun 2006, ɗana Mahfuz ya tashi da ƙarfe biyar a gidanmu na Malbaza. Shekararsa ashirin da ɗaya. Wata bakwai yana koyon ginin rijiya a wata cibiyar horon matasa kusa da Badaguishiri, yana zuwa gida ran Asabar. Ni na sa shi can bayan ya faɗi jarrabawar birbe, ta gama kwaleji, sau biyu. Aikina ke nan: ni gwamnati ke aikawa in duba irin waɗannan cibiyoyi a Konni, Malbaza da Illela, kuma ni na sa hannu cewa tasu ta cika sharaɗi.

Ƙarfe shida ya sha fura a tsaye. Bahago ne, kullum uwarsa Zalika na gyara mishi ludayi, kullum yana maido shi hagu.

"Baba, yau wa za a yi wa kwalliya?" ya ce.

"Konni."

"To, a gaishe min da igiyarmu."

Uwarsa ta ce, "Kai dai bakinka ba ya hutawa." Na yi kamar ban ji shi ba. Shida da rabi ya hau motar siminti mai zuwa Tawa ta Badaguishiri, yana riƙe da hularsa kada iska ta ɗauke.

Ƙarfe tara na isa cibiyar Konni. An share fili, an yayyafa ruwa. An jera kaya bisa tabarma: hulunan kwano takwas, ɗamarar shiga rijiya biyu, igiya ɗaya mai kauri. A bakin igiyar akwai ɗigon jan fenti. Na ga ɗigon nan a Illela cikin Fabrairu. Na gan shi a Badaguishiri cikin Satumba, ranar da na amince da su. Igiya ɗaya ce, tana rigana zuwa duk inda za ni.

Ƙarfe goma na rubuta: igiya ɗaya, lafiya lau. Takardar da nake cikawa tana tambaya ko akwai kayan, babu layin da ke tambayar na wane ne. Na daɗe ina fakewa da wannan.

Sha ɗaya aka kawo min lemo. Na ƙirga ɗalibai, goma sha tara.

A daidai lokacin, kamar yadda Labbo, malamin su Mahfuz, ya faɗa min daga baya, suna bakin wata rijiya mai zurfin mita goma sha huɗu a wani lambun albasa. Mai lambun na gaggawa, ruwa ya ja baya. Igiya mai kauri na Konni, sai suka ari igiyar guga. Labbo ya ce wa zai shiga, Mahfuz ya ce shi ne mafi rashin nauyi. Haka yake tun yana ƙarami. In bokiti ya faɗa rijiyar unguwa, shi ake kira, ya zo da ƙugiya yana ba matan dariya.

Sha biyu da kwata na sa hannu. Ƙarfe biyu na yi azahar a tasha. Ƙarfe uku da minti ashirin, ina shiga gida, na iske jandarma biyu a inuwar ƙofa, sun cire huluna.

Igiyar guga ta tsinke da Mahfuz. An binne shi washegari. Daraktan cibiyarsu ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni, ya ce a hankali, "Malam, kai za ka rubuta rahoton hatsarin. Ka san dukkanmu muna ciki." Na ce na sani.

Bayan addu'ar bakwai Labbo ya kawo kayansa cikin buhun siminti. Bai yarda ya shiga zaure ba. Riguna biyu da wando Zalika ta wanke ta ba wani ɗan ajinsu mai suna Mato. Cebur da magwaji na mayar wa Labbo, na cibiya ne. Takalmansa na roba, waɗanda ya tuɓe a bakin rijiya, ƙanwarsa Ikilima ta ɗauke. Ban tambaye ta inda ta kai su ba.

Saura ƙaramin littafin da yake rubuta zurfin da suka kai kowace rana. A wasu ranaku, maimakon mita, ya rubuta "igiya ta tafi biki". Sau shida ya rubuta haka. Na ɗauko takardun rangadina na gwada, duka shidan ranakun fitata ne.

Na haɗa littafin da takardun cikin ambulan guda, na rubuta sunana a sama, na kai buro, babban ofishinmu a Tawa, da hannuna. Sakatare ya buga hatimi ya ba ni lamba. Wata huɗu ke nan ba amsa. Makon jiya aka aiko min da jadawalin rangadi na gaba, Illela ce ta farko. Littafin yana can wurinsu. Na roƙi a maido min in sun gama.