Saƙonnin da aka kunna a teburin mai shayi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara, Allah ya jiƙanta. Duk shekara sai 'yan'uwa su ce in rubuta addu'a in yi shiru. Addu'a kam kullum ina yi mata, amma shirun ya ishe ni.

A ƙauyen da ta yi aure, can gefen Roni, ita ce mace ta farko da ta riƙe babbar waya, da ɗan faifan sola a kan rufin ɗakinta. Samarin garin duk sun tafi ci-rani, iyayensu mata kuwa ba su iya karatu ba, sai wayar Yaya ta zama gidan waya. Yaro ya turo saƙon murya daga Legas, ta yafa mayafi ta kai wa uwarsa. Idan ta kunna sai ta ajiye wayar a kan tabarma ta fita tsakar gida, don kada ta ji. Uwa ta saurara, ta ba da amsa, sannan Yaya ta goge a gabanta. Na taɓa tsokanarta na ce ta cika iyayi, ta ce maganar uwa da ɗanta ba abincinta ba ce.

Da ciwo ya kwantar da ita aka kawo ta asibitin Kazaure, wayar ta zauna a gida, saƙonni suka yi ta taruwa ba mai gogewa. Ƙanin mijinta ya ɗauka da sunan zai yi caji. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, garin ma ya san shi. Ya zauna a teburin mai shayi yana kunna su ɗaya bayan ɗaya, ana shewa. A ciki har da na ɗan Inna Kulu, wata dattijuwa maƙwabciyarsu, yana kuka yana gaya wa uwarsa an kama shi an tsare, yana roƙon kada kowa ya sani. Kafin la'asar har yara sun haddace.

Da tsiya ta tashi sai ya ce ai Yaya ce ta ba shi wayar, dama ita ma tana sauraro. Matan da ta yi wa hidima ba wadda ta zo duba ta. Ni ne a gefen gadonta lokacin da ta tambaye ni, "Ado, me na yi wa Inna Kulu?" Na ce mata hanya ce ba kyau. Kwana kaɗan bayan nan ta cika.

Yau kusan kowane gida da waya. Nakan ce da Yaya za ta leƙo, za ta yi murna da yarinyar da ke nuna wa kakarta fuskar jika a bidiyo, za ta kuma riƙe baki idan ta ga yadda ake watsa sirrin mutane a guruf-guruf na hira a waya kamar ana watsa wa kaji tsaba.

A bana mutanen garin suka haɗa hannu suka kafa rumfar sola da intanet ta kowa da kowa. Wa ya fito neman riƙe makullin? Mutumin nan, ƙanin mijin nata, da babbar riga. Na hau babur na je taron, na faɗi abin da ya yi tun daga farko, ban rage ko ɗaya ba. Bai samu ba, kuma na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Bayan sati ya zo gidana tare da Baffanmu neman gafara. Baffa ya ce da marigayiya ce da tuni ta yafe. Na ce, "Gaskiya ne, Baffa, amma ni ba ita ba ne. A bainar jama'a ya ɓata ta, ya koma can ya wanke ta da bakinsa." Har yau bai je ba.

Ɗakin Yaya ya rushe, solar ta daɗe da mutuwa. Abin da ya rage mata sunanta ne, shi nake bi gida gida ina gyarawa, kuma da yawa sun gane sun yi mata addu'a. Gida ɗaya ne na makara. Inna Kulu ta rasu ina cikin shirun da aka ce in yi, kuma har ta koma ga Allah tana ganin Yaya ce ta tona mata asiri.